Hawan Dutsen Kufena a Tsakiyar Bazara: Lissafin Ruwa da Agogo

A watan Maris da Afrilu zafin rana a Kaduna da Zariya yakan kai digiri 36 zuwa 38, wani lokaci ma ya ɗara. Wannan kuwa zafin iska ne da ake aunawa a inuwa. Falalen dutsen da rana ta yi sa'o'i tana duka ya fi haka nesa ba kusa ba, don zuwa ƙarfe 11 na safe ba ka iya ɗora tafin hannu a kansa ka bari. Shi ya sa hawan dutse a bazara ba ƙarfin ƙafa ne ke yanke hukunci a kansa ba. Agogo ne da ruwa. Duk sauran shirin da muka yi, mu shida da muka tashi daga Kaduna zuwa Kufena, a kan waɗannan biyun muka gina shi.

Jihar Kaduna ba ta rasa duwatsu ba: akwai na Kagoro a kudu, akwai na Kajuru, akwai na Turunku a ƙaramar hukumar Igabi, ga kuma na Zariya irin su Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur. Mun zaɓi Kufena ne saboda yana daf da gari, kusa da Wusasa, mota na kai mutum kusa da gindinsa, kuma idan wani abu ya faru asibitin koyarwa na Shika ba shi da nisa. Batun tsaro ba abin da za a rufe ido a kansa ba ne. Wasu yankunan jihar sun sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma halin da wuri yake ciki a bara ba lallai shi ne na bana ba. Ba a Facebook ake jin wannan labari ba. Mutanen da ke noma da kiwo a gindin dutsen ake tambaya, kuma a makon tafiyar ake tambayarsu.

Kafin a sa rana mun zauna mun tace wanda zai je. Mai sikila bai kamata ya shiga wannan tafiya a irin wannan lokaci ba, domin ƙarancin ruwa a jiki da wahala su ne ke tayar da ciwon. Mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, da mai ciwon suga, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, su fara ganin likitansu. Wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ko gudawa ba ya dakata. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, kada ya cusa shi a ƙasan jaka. Da azumi a baki kuwa ba a yin wannan hawa a bazara, ko na nafila ne. Sai kuma wanda yininsa a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki yake ƙarewa. Jiki na bukatar mako ɗaya zuwa biyu yana aiki cikin zafi kafin ya saba, ya riƙa sakin gumi da wuri kuma ya rage zubar da gishiri. Don haka muka yi ta tafiyar ƙafa ta minti 40 zuwa sa'a guda da hantsi ko bayan la'asar kafin ranar, da jakar a baya da takalmin da za a hau da shi.

Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne. Idan ka ce sai ka yi asuba a Kaduna sannan ka bi ta Kawo ka kama hanya, ba za ka taka gindin dutsen ba sai bayan ƙarfe 7, ka riga ka yi asarar sa'ar da ta fi kowace sanyi. Tafiyar duhu kuma ba mu yarda da ita ba. Sai muka tafi tun ana gobe da rana tsaka, muka kwana a Zariya. Da yammacin nan muka je muka gaida mai unguwar yankin. Bayan gaisuwa babbanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kaduna, muna so mu hau dutse gobe da sassafe, mun zo neman izini da wanda zai yi mana jagora." Ya haɗa mu da wani dattijo manomi, muka daidaita abin da za mu ba shi tun a lokacin. Tambayoyin da muka yi masa su ne: ta wane ɓangare ake hawa ba tare da an yi rarrafe ba, ina zuma take, akwai masu fasa dutse a kusa, kuma ina ne ba a son baƙo ya shiga. Kada a raina wannan mataki. Daga ƙasa dutsen yakan yi kamar hanya ɗaya ce zuwa sama, amma da ka shiga tsakanin manyan duwatsun sai ka daina ganin gaba da baya.

Ga yadda muka yi lissafin ruwa. Mai hawa cikin zafi yana zubar da gumin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a sa'a guda. Mun ƙiyasta sa'a huɗu a kan dutsen, don haka kowa ya ɗauki lita uku na sha, wato ledar fiya wata shida, tunda kowace rabin lita ce. A kan wannan kowa ya ƙara gorar lita ɗaya ta ruwan gishiri da suga, da leda biyu da ba na sha ba ne, na zubawa a jiki idan wani ya galabaita. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ke nan kowa na goye da kilo biyar na ruwa kafin a sa abinci. Da nauyi, amma nauyi ne da ke raguwa yayin da kake gajiya. A but ɗin mota kuma muka bar jaka guda cur mai leda 20, saboda alwala da sha bayan an sauko.

Ruwan gishiri da sugan, idan na kemis ne, a karanta abin da ke jikin ledar: akwai na lita ɗaya, akwai na rabin lita. Idan na haɗi ne a gida, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi aiki, zai tayar da zuciya ne kawai. Amfaninsa shi ne gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla lita bayan lita ba ya cin komai, gishirin jininsa na iya yin ƙasa, ya kama ciwon kai da amai da ruɗewa, a ɗauka ƙishirwa ce a ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ƙa'idarmu rabin leda duk bayan minti 15 zuwa 20, ko ana jin ƙishi ko ba a ji, kuma kada a wuce lita ɗaya da rabi a sa'a guda. Rabin ledojin mun daskarar da su tun dare, muka naɗe a tawul muka sa su a tsakiyar jaka. Ba duka ake daskarwa ba, saboda a sa'ar farko ƙanƙara ba ta narke ba, sai ka riƙe ruwa a hannu ba ka da na sha. Sannan muka raba ruwan gida uku a rai: kashi ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, ɗaya ajiya. Idan na hawa ya ƙare ba a kai sama ba, an juya ke nan.

Abinci mara nauyi muka ɗauka: dabino, ayaba, lemo, soyayyar gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli da burodi. Kunun aya da fura da nono ba sa jure zafin jaka, kafin hantsi sun yi tsami. Kilishi na da gishiri, amma yajinsa na ninka ƙishi. Lemon kwalba mai gas da abin shan nan na ƙarin kuzari ba sa maye gurbin ruwa. Da asuba kowa ya sha koko ko shayi da burodi, ya kuma sha leda ɗaya ta ruwa kafin a fita.

Takalmi ne abin da ya fi jawo gardama. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba su da wuri a nan. Kambas ake so mai ƙasan roba mai zane, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabo fil yakan yi bororo a dunduniya, tsoho tukuf na gwanjo kuma gam ɗinsa na sakewa a kan dutse mai zafi, ƙasan ya ɓalle ana tsakiyar tafiya. A lanƙwasa shi da hannu tun a gida a ga ko bakin ya buɗe. A yanke farcen ƙafa, domin a gangara yatsu na dukan gaban takalmi. Safa mai kauri, da ɗan basilin a tsakanin yatsu da matsematsi. Riga mai dogon hannu, fara ko mai haske, sakakkiya; dogon wando saboda ƙaya da ƙarangiya; malfa mai igiya, don iskar sama na fizge hula. Doguwar riga da dogon hijabi na rufe wa mutum inda zai taka kuma suna kama ƙaya, don haka mata su sa wando da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi. Kayan taro kuwa mutum ɗaya ya riƙe: bandeji mai naɗewa, filasta, almakashi, usur, tocila, zani guda da za a iya yin inuwa ko a ɗauki mutum da shi, da fawa-banki. Mun bar wa mai masaukinmu sunayenmu da lokacin da za mu kira shi.

Ƙarfe 6 da kwata muna gindin dutsen, gari ya waye sosai amma rana ba ta fito ba. A nan muka tsayar da magana ɗaya da ba a sake buɗe ta ba: ƙarfe 9 za a fara sauka, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Dalili shi ne Zariya na kan layin digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, kuma a cikin Afrilu rana kan bi ta tsakar ka sosai. Inuwar da kake gani a gefen manyan duwatsu da ƙarfe 8 tana tsukewa, zuwa azahar babu ita. Masu cewa a bari sai la'asar su hau ba su lura da cewa dutse na riƙe zafin da ya sha ba ne, yana ta huci har magariba, ga duhu na saukowa da sauri bayan faɗuwar rana.

Jagora a gaba, wanda ya fi kowa rauni a bayansa, mai ƙarfi da jakar magani a ƙarshe. Idan aka bar masu sauri a gaba, na baya zai yi ta haki yana biyo su, da ya iso su kuma sun huta sun miƙe, shi bai huta ba. Ma'aunin saurin shi ne mutum ya iya yin magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke masa ba. Muna tafiya minti 20, mu tsaya biyar a inuwa, a sauke jaka a sha ruwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kufena irin dutsen nan ne da ake fasawa a yi kankare da shi, kuma idan ya bushe yana riƙe roba da kyau. A kan falale mai tudu, a ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, a yi gajerun taku, jiki a tsaye a kan ƙafafu. Mai tsoro yakan kwanta ya rungumi dutsen, wannan kuwa shi ke ɗage dunduniya ya sa takalmi zamewa. Inda tudun ya yi tsaye a bi shi a karkace, hagu da dama. Abu uku muke dubawa a ƙasa. Na farko baƙin zanen da ruwan damina ke bi, mai busasshiyar gansakuka, wanda ko ruwan leda ya zuba a kai sai ya yi santsi. Na biyu 'yar tsakuwar da ke kwance a kan falale, mai mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. Na uku ɓawon dutsen kansa: zafin rana da sanyin dare da ruwa na sa saman irin wannan dutse ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa. Idan ka ƙwanƙwasa da sanda ka ji ƙarar rami, kada ka dogara da shi, kada kuma wani ya tsaya a ƙasanka.

Inuwar da kake nema, maciji da kunama ma ita suke nema. Ba a cusa hannu a tsagin da ido bai gani ba, ba a zama sai an bubbuga wurin da sanda, ba a ɗaga dutse da hannu. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai asibiti. Wannan ya fi muhimmanci ga kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Zuma kuwa a bazara tana neman ruwa da zaƙi, don haka ba mu shafa turare ba, ɓawon lemo kuma a leda muke ƙulle shi. A wani wuri jagoran ya tsaya ya nuna wani kogo da haɓa, ya ce, "Samari, a nan a yi shiru a bi ta hagu." Sai da muka kasa kunne muka ji gunjinta.

Wajen ƙarfe 7 da rabi ɗaya daga cikinmu ya daina magana. Wannan ita ce alamar farko, kuma na baya ne ke gane ta. Ya fara jan ƙafa, gumi na tsiyaya ta haɓarsa, gefen rigarsa ya yi fari da gishiri, ya ce kansa na sarawa kuma sha-raɓarsa ta ɗaure. Babbanmu ya ce, "Zauna, ɗan'uwa, mu ma hutun muke so." Muka kwantar da shi a inuwa, muka ɗora ƙafafunsa a kan jaka, muka ɓalle masa maɓallai muka cire takalmi. Aka fasa leda biyu aka jiƙa rigar da kansa, mutum biyu na yi masa fifita da malfa, aka sa ledoji masu ƙanƙara a wuya da hammata. Ruwan gishiri da suga yake kurɓa kaɗan-kaɗan. Muna yi muna tambayarsa sunan unguwarsu da ranar da ake ciki, yana amsawa daidai. Bayan kusan rabin sa'a ya dawo hayyacinsa, amma bai ci gaba da hawa ba. Mutum ɗaya ya zauna da shi a nan, da usur da ruwansu, har muka dawo. Wanda zafi ya taɓa kayarwa a yini, saurin sake faɗuwa yake yi.

Tambayoyin nan ba na hira ba ne. Su ne ke raba galabaita da bugun zafi mai kisa. Idan mutum ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko ya suma, ko ya kama jijjiga, zafin cikin jikinsa ya kai wajen digiri 40 ko fiye, kuma kada a jira wai sai gumi ya ɗauke, domin mai aikin ƙarfi na iya kasancewa jiƙe sharkaf alhali yana cikin wannan hali. A nan duk ruwan da ke hannu a jikinsa zai ƙare, ana zubawa ana fifita ba tsayawa, wani kuma na kiran lambar gaggawa ta 112 da direba. Sanyayawa ce farko, ɗauka ta biyo baya, kuma a ci gaba da jiƙa shi har cikin mota. Ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hankalinsa ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, don ba zazzaɓi ba ne.

Mu huɗu da jagora muka kai sama bayan ƙarfe 8 da 'yan mintoci. Akwai iska, kuma iskar na yaudara: tana busar da gumi nan take, sai mutum ya ji daɗi ya manta da sha. Daga can ana hango Wusasa da gonaki da rufin gidajen Zariya. Wurin ba dutse ne kawai ba. Tarihin baka na Zazzau na cewa Bakwa Turunku ce ta dawo da mazaunin sarauta daga Turunku zuwa yankin Kufena wajen 1536, kuma har yau akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen, wadda ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina. Mutane sun zauna a nan tun da daɗewa, don haka idan ka ga tsingaron tukwane ko gurbin niƙa a jikin dutse, ka duba ka bar shi inda yake. Yana ɓata mini rai ƙwarai in ga an rubuta suna da fenti a irin wannan wuri, ko an watsar da ledojin ruwa. Namu a jaka suka koma, kuma ƙirga su ne ke gaya wa kowa lita nawa ya sha.

Ƙarfe 9 saura muka juya. Sauka ta fi hawa haɗari: cinya ta gaji, rana ta ɗaga, hankali ya riga ya tafi mota. Kafin a fara kowa ya sake ɗaure igiyar takalmi tamau ta wajen idon sawu, don kada yatsu su riƙa zamewa gaba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, ba gudu, ba tsalle daga dutse zuwa dutse, domin nan ne targaɗe yake. A bar tazarar taku biyar tsakanin mutum da mutum, wanda ya ture dutse ya yi ihu. Inda gangara ta yi tsanani, a zauna a sauka da mazaunai da hannuwa, sai dai a lokacin dutsen ya fara ƙuna, shi ya sa safar hannu ta leburori ke da amfani. Ta hanyar da aka hau ake sauka. Gajeriyar hanyar da ido ke gani daga sama sau da yawa a bakin gangaren da ba ya sakkuwa take ƙarewa, sai an sake hawa cikin rana.

Wanda zai je a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu ya ƙara da kallon sama. Iska ta fara ɗaukar laima, gumi ba ya bushewa, don haka digiri 34 na lokacin ya fi 37 na Maris wahalarwa. Hadari kuma na haɗuwa da sauri, galibi daga gabas. Da an ji tsawa ko daga nesa ne a bar ƙololuwa, kada a fake a ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a kuma tuna ruwan farko na mayar da falalen nan santsi. A duba hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet tun ana gobe.

Ƙarfe 10 da rabi duk mun sauko. Muka sallami jagora, muka kira mai masauki, muka buɗe ƙofofin motar ta sha iska kafin a shiga. Ba mu kama hanyar Kaduna nan take ba. Sai da aka yi wanka, aka ci abinci mai gishiri, aka yi azahar, direba ya yi barci, domin gyangyaɗi bayan irin wannan yini ba ya sallama. A sauran yinin kowa ya ci gaba da shan ruwa yana duba fitsarinsa. Ruwan ɗorawa mai haske shi ake so, mai duhu na nufin a ƙara sha. Idan ya koma kalar baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, ko aka yi sa'o'i da yawa bai zo ba duk da ana sha, ko ciwon kai da amai suka ƙi tsayawa, a tafi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa dutse aka hau cikin rana, saboda ya duba ƙoda.